Babban Yatsan Mai Soso

A unguwarsu, da yake kullum ana ganin ta fita da farar riga a jaka, sai mutane suka yanke cewa likita ce. Mijinta, tsohon direban bas wanda bakinsa ba ya hutawa, shi ke gyara musu zance. "Wace likita? Wanke-wanke take yi a jami'a. Tun safe har yamma soso take matsawa, ku tambaye ta." Ba ta taɓa musa masa ba, don ba ƙarya ya yi ba, rabin labarin kawai ya cinye.

A ɗakin binciken jami'ar da take aiki, Mai Soso ake ce mata. Idan ƙashin mutum ya ɓalle da yawa har ya bar gurbi, ba ya iya haɗewa da kansa, sai an sa masa abin da zai bi ya tofo, kamar yadda ake kafa wa wake sanda. Wannan abin shi take yi. Takan yanka soso ƙanana, ta tsoma a kwaɓin wani farin gari mai sinadari irin na ƙashi, ta matse, ta shanya, ta jera a tanderu. Wuta ta cinye soson a hankali, ta bar farin tangaran mai ƙofofi ta ko'ina, inda jini zai ratsa, sabon ƙashi ya shiga ya zauna.

Gwanintar duk tana wurin matsar. In an matse da yawa, tangaran ɗin ya fito ya ruguje kamar biskit. In an yi masa sako-sako, kwaɓi ya toshe ƙofofin, ya zama dutse kawai. Manyan yatsunta biyu sun san tsakiyar abin, kuma tana alfahari da su ba ta ɓoyewa. Ba ta yarda kowa ya taɓa mata kwaɓi. Dogo, abokin aikinta mai kula da tanderu, magidanci har da 'ya'ya, ya sha roƙon ta bar shi ya gwada.

"Yaya, ko guda ɗaya ne."

"Da wannan hannun naka kamar shebur? Je ka duba wutarka."

Shekara da shekaru duk abin da ta yi a kwanon gwaji yake ƙarewa, ko a ƙarƙashin injin da ke danne shi don a ga ƙarfinsa. Sai ran nan Dakta, shugabar ɗakin, ta shigo da fara'a ta ce an ba su izinin dasa shi a ƙafar tumaki. Karo na farko ke nan aikin Mai Soso zai shiga jiki mai rai. Murnar da ta yi, har Dogo sai da ya samu murmushinta.

Kason farko da ta yi don tumakin ya fito daga tanderu fari tas, gwanin sha'awa. Ta ɗauki ɗaya ta raba shi biyu, kamar yadda ta saba, ta sa a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu. Gefen dama a buɗe yake, gefen hagu a toshe. Ta sake yin wani kason, ta sake fasawa, duk kanwar ja ce.

Ba ta ɗora wa gari laifi ba, ba ta ɗora wa tanderu ba. Ta san mai laifin. An jima babban yatsanta na hagu yana mata tsiya: murɗa mukulli ya zama aiki, ɓalle maɓalli sai ta cije leɓe. Daga waje babu wanda zai gane toshewar nan, kuma tana iya tsince masu dama-dama ta miƙa. Amma ƙafar dabba ce za a buɗe, bayan dabba kuma wata rana ɗan wani ne.

Da yamma mijinta ya same ta zaune a tsakar gida ta tsoma hannu a ruwan ɗumi. Ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, ya ga fuskarta, ya haɗiye.

"Yatsan ne?"

"Shi ne. Maigida, in na bar matsar nan, me ya rage mini a wurin?"

Ya ja kujera ya zauna. "Ranar da na daina ganin hanya sosai, ai ke kika ƙwace mukullin motar. Har kwana nawa na yi ba na miki magana."

"Wannan daban."

"Haka ni ma na ce."

Washegari ta kira Dogo, ta tura masa kwanon kwaɓi ba tare da ta dube shi ba. Ya tsaya yana zare ido, yana jiran jin inda tsiyar za ta ɓullo.

"Wanke shebur ɗin ka zo," in ji ta.

Koyarwar ba ta yi daɗi ba, don ita ba mai haƙuri ba ce. Ta yi masa faɗa, ta zubar da abin da ya yi, ta sake zubarwa. Sai dai ba ta rage masa komai ba. Ta ɗora yatsunta a kan nasa don ya ji inda ake tsayawa, ta nuna masa yadda ake ɗaga soson a haske a ga ko iska na ratsawa. Abin da ta tara tsawon rayuwarta ta juye masa tsaf. Ba kowa ke iya wannan ba, mutane da yawa sun gwammace su tafi da abinsu kabari.

Da kasonsa ya fito daga tanderu, ita ta fasa na farko. Ta daɗe a kan madubin. Ƙofofin a buɗe suke daga wannan gefe zuwa wancan, a jere, ba mai toshewa. Zuciyarta ta yi daɗi, ta kuma yi zafi, duk a lokaci ɗaya.

Dakta ta leƙa ta gani, ta tafa hannu. "Kai! Mai Soso, hannunki ba ya tsufa. Wannan ya fi na kullum."

Dogo ya sunkuyar da kai, da alama a shirye yake ya yi shiru har abada.

"Ba nawa ba ne, Dakta," in ji ta. "Na Dogo ne. Kuma ban taɓa yin kamarsa ba, ko lokacin da nake da yatsu."

Mai Soso ta tashi daga kujerar teburin kwaɓi, ta jawo ta baya ta nuna wa Dogo.

"Yaya, ai wurinki ne."

"Zauna mana, kwaɓin zai bushe."

Ta nufi famfo ta sakar wa yatsan ruwa, ta ba su baya don kada a ga idonta. Daga can ta ɗaga murya yadda ta saba: "A hankali, Dogo! Ƙafar wani ce a hannunka."