Taƙi Ɗaya Cikin Rabon Maƙwabci

Fusae Nishibori ta ƙare ƙuruciyarta tana dafa wa 'yan firamare abincin rana, kuma har ta bar duniya ba ta daina kallon kowa a matsayin yaron da ya rage abinci a kwano ba. Gajeruwa ce, muryarta kamar ana buga murfin tukunya. Gidana na kallon nata, na sha faɗanta fiye da kowa, don haka ina da bakin ba da labarinta.

Unguwarmu tana gindin dutse a bayan garin Kyoto. Waɗanda suka yanka filayen sun tarar da ƙorama tana gangarowa, maimakon su binne ta cikin bututu sai suka bar ta tana bi ta bayan gidaje. Duk wanda ya sayi fili sai ya buga hatiminsa a kan yarjejeniya: ba katangar siminti sai shingen shuka, ba rufe ruwa, kowa ya yashe rabonsa. Cikin ruwan nan muke sanyaya kankana lokacin zafi, kifaye kuma su cinye ragowar shinkafar tukwane. Sai dai yarjejeniyar tana da wa'adi. In ya cika a sabunta, gidan da ya ƙi buga hatimi ya fita daga cikinta.

Gidan farko da ruwan ke shiga na tsoho Yanagida ne, tsohon direban jirgin ƙasa, na biyu na Fusae. Matar tsohon ta rasu, gwiwoyinsa sun ƙi, ciyawa ta fara cin rabonsa na ƙoramar.

To, ko yaro a wajenmu ya san ƙa'idar shara: ka share ƙofarka, ka ƙara taƙi ɗaya cikin ta maƙwabci, ka tsaya nan. In ka gaza haka marowaci ne kai, in ka wuce kuma ka kira shi ƙazami ke nan. Fusae ta san wannan sarai, amma idonta ba ya iya zama da datti. Ta naɗe wando ta shiga ta yashe rabon tsohon kaf, ta aske masa shinge, ta mayar da abin aikinta na kowane mako.

Na ce mata, "Baiwar Allah, kin wuce iyaka fa."

"Kai dai je ka kwashe ganyen ƙofarka, malalaci. Wa ya tambaye ka?"

Ranar taron sabunta yarjejeniya, tsohon bai zo ba. Ɗansa Shigeru ne ya zo daga Osaka, ya sunkuya ya ba da haƙuri, ya ce gidansu ba zai buga hatimi ba. Motar da ke ɗaukar tsofaffi zuwa gidan kulawa ba ta iya kaiwa ƙofar babansa, hanya ɗaya ce, a zuba siminti a kan ƙoramar a juya ruwan cikin kwatar titi. Kowa ya gane cewa in aka juya ruwa daga gidan farko, sauranmu busasshen rami za mu yi ta gadi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce a daina gaishe su kawai.

Fusae ta harare ni. "In ka daina gaisuwa ruwa zai dawo?"

Da safe ta ɗauki kwalin alawar wake ta nufi gidan, ta ja ni don in zama shaida. Tsohon ya karɓe mu da shayi, ya yi ta yabon yanayi har ta gaji.

"Yanagida-san, bar zancen rana da iska. Motar nan ce kaɗai ta hana ka?"

Ya daɗe yana juya kofi. "Shekara arba'in ina tuƙin jirgi, ba wanda ya taɓa yi mini aikina. Yanzu in na leƙa taga sai in ga matar maƙwabci cikin ruwana tana kwashe ƙazantata, unguwa na kallo. Wanda ba ya iya cika alkawari, me zai kai hatiminsa kan yarjejeniya?"

Fusae ta dafa tabarma da hannu biyu, ta kai goshi ƙasa tana neman gafararsa. A hanya na buɗe baki zan ce ai na faɗa, ta ce, "Ka furta, in tura ka ruwa."

Da wata ce, da ta bar maganar nan. Ita kuwa ta shiga zirga-zirga tsakanin ofishin filaye da gidan mai awon fili, da sandarta da jakarta, har ta samo mafita. Gefen gidanta akwai tsirin fili da ya miƙe daga titi zuwa ƙofar tsohon, mota za ta iya bi. Abu ɗaya ne a tsakiya: bishiyar kanya mai manyan 'ya'ya, wadda mijinta marigayi ya dasa shekarar da suka tare. Duk kaka da ita take rabon kanya gida-gida.

'Yarta ta kira ta a waya tana kuka. "Mama, in aka rubuta haƙƙin wucewa a kan fili, ko bayan ranki ba mai iya toshe shi!"

"Abin da nake so ke nan."

Da ta koma wurin tsohon, ya girgiza kai tun kafin ta gama. "Kin yashe mini ruwa, yanzu kuma ki sare bishiyar mijinki? Da wane ido zan kalle ki?"

"Wa ya ce maka kyauta ce? Ni ba na kyauta, tambayi wannan malalacin. Musaya za mu yi. Motarka ta bi ta filina har abada, ruwana ya bi ta filinka har abada. A rubuta a ofishin filaye, ya hau kan 'ya'yanmu da duk wanda ya sayi gidajen bayanmu. In ka ƙi, kai ka hana ni ruwa."

Tsohon ya dube ta, ya dubi ɗansa. "Shigeru, ɗauko mini hatimi."

Ranar da masu zarto suka zo, ba ta ɓuya a ɗaki ba. Ta tsaya har bishiyar ta kwanta, tana yi musu faɗa kada su taka mata albasa. Ni dai na ga idonta ya kaɗa, kuma tausayinta ya kama ni, amma ban yi gigin faɗa ba.

Da ranar gayyar yasar ƙorama ta zagayo, muka fito da manjagara da bokitai. Sai ga Shigeru ya kafa kujerar roba a bakin ruwa, ya zaunar da babansa, ya miƙa masa manjagara mai doguwar ƙota. Tsohon ya yi ta jan ciyawa a hankali, yana hutawa, yana komawa. Aikin da Fusae kan gama kafin shayi ya huce ya kai shi har rana ta take. Tana tsaye a rabonta, hannuwanta na ƙaiƙayi, ta maƙale su a baya don kada su ci amanarta.

Da ya iso iyaka, sai ya miƙa manjagarar, ya ƙara taƙi ɗaya cikin rabonta, ya tsaya. Fusae ta sunkuya ta ce, "Na gode, maƙwabci."