Sunan Yaya Sale a Jikin Tankin da Ba Ruwa

Bana shekara takwas ke nan da rasuwar yayana Sale, dillalin awaki a kasuwar Gwiwa. Allah ya jiƙansa. Ni ne ƙaninsa Ɗan'azumi, wanda ya yi aji uku a firamare malamai suka haɗu suka roƙe shi ya koma gona. Duk wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri, haka mai shi yake.

Duk shekarun nan mu 'yan gida kaɗai ke tuna ranar. A toya waina, a yi addu'a bayan la'asar, kowa ya kama gabansa. Bana kuwa tun da sauran lokaci motoci suke tsayawa a ƙofar gidana, ana tambayar yaushe ne addu'ar Baba Sale. Mutumin da yana raye ba mai ce masa Baba sai 'ya'yansa. Na juya abin da ɗan kan da Allah ya ba ni, sai na tuna kujerar majalisar wakilai ta mazaɓarmu ta rasa mai ita. Wanda ke kai ba zai sake nema ba, mutum biyu sun kama ta, kowa yana ja.

Haka take a shekarar da ya rasu. Yaya ba ɗan jam'iyya ba ne, amma zaurensa ne majalisar ƙauyenmu, inda ya karkata nan ƙuri'a ke gangarawa. Duk ɗan takarar da ya zo, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwan baƙo kamar yadda aka saba. Sai dai ba wanda ya kwana a randa ya kwanta ba, na kududdufin da muke sha da rani ne, mu da shanu, kala ɗaya da kunun kanwa. Yaya ya miƙa masa ƙwarya ya zuba ido, kamar yadda yake duba haƙoran akuya.

Ɗan takara na farko ya leƙa ƙwaryar ya ce yana azumi.

"Ran Asabar, ranka ya daɗe?" in ji Yaya. "Allah ya karɓa."

Na biyu da ya zo ya kafa kai ya shanye tas, har da hamdala. Da ya tafi na ce shi ke nan, mun sami namu. Yaya ya dube ni ya ce, "Kai dai Ɗan'azumi, da wuri ake sayar maka da akuya mai tari. Wancan tsoron cikinsa ya ji, na gane shi. Wannan da ya shanye bai ko yamutsa fuska ba, mene ne ba zai haɗiye ba?"

Na ce to wa za mu bi? Ya ce yana kallo tukuna. Yana cikin kallon zazzaɓi ya kwantar da shi, bai kai ranar zaɓe ba. A zaman makoki mutanen kowane ɓangare suka riƙa raɗa wa jama'a cewa marigayi nasu ne, ya faɗa musu a ɓoye. Ni da nake bakin gadonsa har ya cika ban ji ba.

'Yan takarar bana sababbi ne. Akwai Injiniya, mazaunin Kano, akwai Barista, mai gida a Kazaure da ba a kunna fitilarsa sai lokacin zaɓe. Mutanen Injiniya suka kafa ƙarafa kusa da kududdufin, suka ɗora baƙin tanki, aka rubuta a jiki da farin fenti: Rijiyar Marigayi Baba Sale. Motar haƙa ta zo ta yi ƙara, aka ɗauki hotuna, ta juya. Wai injin ya samu matsala, yana wurin gyara. Mai yiwuwa gaskiya ne, ban ce ƙarya suke ba. Na dai ƙwanƙwasa tankin da sandata, ya amsa min kamar ganga. Mutanen Barista kuwa suka ce za su zagaye maƙabarta da katanga saboda marigayi, har an sauke yashi. Yashin na nan, kaji na wanka a ciki.

Abin da duka biyun ke so ɗaya ne. Ranar addu'a a miƙo min lasifika in ce da Yaya yana raye, wane zai bi. Sun san ƙauyenmu har gobe in aka ce Sale ya ce, an gama magana.

Ba zan ɓoye ba, ana ce min Alhaji a gaban jama'a, ni da ko Dutse sau ɗaya na je, abin yana min daɗi. Matar marigayi, Yaya Hanne, ta lura. Ta ce, "Ɗan'azumi, tun kana saurayi da tsinken tsire ake sayenka. Ka sayar da sunan yayanka, ka daina cin tuwon gidan nan."

Na ce, "Haba Yaya, tuwon da ba gishiri?" Ba ta yi dariya ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya Sale zai ce da ya ga yau, ɗan takara yana gaishe ka ido na kan mai ɗaukar hoto. Ina jin tankin zai fara zagayawa, sannan ya zagaya yashin, sannan ya zo ya zagaya ni, don bai taɓa cire ni daga cikin waɗanda ake sa wa ido ba.

Bai bar gidan siminti ba, awakin ma ba nasa ba ne. Abin da ya bari shi ne ƙauyen da ba ya saurin tafi. Matanmu suna wuce tankin da jarkokinsu zuwa kududdufi, ba wadda ta yi guɗa. Wannan gadon nake gudun in watsar da bakina.

To Injiniya da Barista, ga amsata a jarida don kada wani ya ce na faɗa masa a ɓoye. Ku zo addu'a, akwai tabarma, akwai waina, babu lasifika. Sunan nan kuma a goge shi daga tanki sai ranar da famfo ya zubo. Sale bai zaɓi kowa ba yana raye, ni ba zan zaɓa masa yana kabari ba.