Amanar Fangalin Goggo Paraska

Ranar Talata, goma sha bakwai ga watan Yuni, da ƙarfe goma da kwata na safe, Allah ya karɓi ran Paraska Woloshin a asibiti a garin Dauphin, tana da shekara tamanin da bakwai. Mun binne ta ranar Juma'a a maƙabartar cocinmu, kusa da mijinta Wasil. Wanda ya ba da rai shi ya karɓi abinsa. Ni maƙwabcinta ne, shinge ɗaya ya raba mu shekara goma sha tara, kuma tun ranar da na tare ta ce in riƙa kiran ta Goggo. An roƙe ni in rubuta wani abu a takardar coci. Sau huɗu ina farawa ina yagewa, don ban tabbata ni ya cancanta in rubuta ba.

Goggo, babu gidan da miyarki ba ta shiga ba a garin nan. Koriyar miyar shabel, ganyen nan mai tsami kamar yakuwa, da dankali da dafaffen ƙwai da cokalin kirim a sama. An yi haihuwa, kin kai. An yi rashi, kin riga limamin coci isa. Da hunturu ma ba ki fasa ba, kina da ganyen da kika gishirta a kwalabe, kina ratsa ƙanƙara da tukunya a naɗe cikin tawul. Wanda ya yi miki godiya sai ki ce ya dai dawo miki da tukunyarki a wanke.

Shekarar da aka rufe rumbun hatsin da nake wa aikin akawu, na yi wata biyu ban fita ba. Na duba littafin da nake rubuta al'amuran kullum, ranar uku ga Yuni ce kika buga tagata da sandarki. Kika ce, “Akawu, fito! Rubutun ya isa haka. Idona ya mutu, zo ka ara mini naka.” Kika kai ni fangalinki, gindi ashirin da biyu a jere, kika tsinko ganye kika ɗaga shi saitin rana. A tsakanin fatar sama da ta ƙasa na ga wata 'yar tsutsa fara tana motsi, ta cinye tsokar ganyen ta bar wani tabo kamar bororon ƙuna. Kika juya wani ganyen kika nuna mini ƙwan ƙudan da ke haifar ta, farare, uku-uku, huɗu-huɗu, a kwance gefe da gefe. Aikin shi ne kowace safiya a juya kowane ganye a murƙushe ƙwan da babban yatsa. Da na ce ai akwai maganin feshi, kika ce, “Ka fesa wa wa? Tana cikin ɗaki ta kulle ƙofa, kai kana wanke mata rufi.” Na yi wannan aikin tare da ke har ƙarshen bazara. Sai daga baya na gane idonki lafiya lau yake.

Wannan shabel ba irin na kanti ba ne. Kakarki ce ta zo da saiwarsa daga ƙasarku ta asali, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ba ya yin iri, ko ya yi fure ba a samun ƙwaya, sai dai a raba saiwa. Idan gindin ya mutu, shi ke nan.

Bana, ranar ashirin da takwas ga Afrilu, aka kwantar da ke a asibiti. Kafin a sa ki a mota kika kama hannun rigata kika ce in kula da fangalin. Na amsa. To amma na koma aiki a kantin kayan noma, ina fita da sassafe, na ji tsoron kada wata safiya ta wuce ni ban juya ganye ba. Sai na yi dabara. Ranar shida ga Mayu na sayo farin yadi shara-shara irin na gidan sauro, na lulluɓe fangalin duka, na danne gefe da katako da duwatsu, ban bar kafar da ko kiyashi zai bi ba. Na rubuta a littafina cewa bana ƙuda ba zai taɓa ganyenki ba. Har na ja layi a ƙarƙashi.

Na manta abin da kika sha gaya mini: tsutsar idan ta ƙoshi ƙasa take faɗawa, ta kwana a nan duk hunturu, a gindin ganyen da ta ci. Ƙudajen ba daga waje suke zuwa ba. Daga ƙarƙashin yadina suka fito, na tsare musu iska da tsuntsu, na tsare musu yatsana. Wata guda ina zuba ruwa ta saman yadi ina jin daɗi. Ranar bakwai ga Yuni na ɗaga gefe. Babu ganye ɗaya mai lafiya. Duk sun zama farar takarda, wasu sun narke sun kwanta a kan gindin suna wari.

Washegari Lahadi na zo duba ki. Kika tambayi fangali, na ce lafiya lau. Kika ce, “Miƙo babban yatsanka.” Na miƙa. Kika juya shi kamar yadda kike juya ganye, kika ce, “Yatsan amarya! Wanda yake kashe ƙwai kore yake zama har cikin farce. Faɗi gaskiya, Akawu.” Na faɗa. Na zaci za ki yi kuka. Dariya kika yi har tari ya sarƙe ki, kika ce, “Kai, ɗan nan! Ka kama ɓarawo ka kulle shi a rumbu.” Sannan kika lissafa mini abin yi: in yanke komai har ƙasa, in ƙone, kada in zuba a taki, in tone saiwoyin in wanke su tas, in kai su sabuwar ƙasa nesa da nan. Kika ce yau, ba gobe ba.

Ban yi ba, Goggo. Na ɗauki wuƙa na tsaya a kan fangalin, sai na ji kamar idan na yanke shi alhali kina kwance, ke na yanke. Na san wauta ce, na ma rubuta cewa wauta ce. Kwana goma sha biyu ina ɗaukar wuƙa ina ajiyewa, ruɓar tana gangarawa cikin saiwa. Sai ranar da muka dawo daga maƙabarta na yi abin da kika ce. Cikin ashirin da biyu, goma sha bakwai sun zama laka a hannuna. Biyar na wanke na dasa a bayan gidana. Yau kwanansu shida. Ina durƙusawa safe da yamma, ban ga toho ba. Ban sani ba ko ruwan ya yi yawa, ko ya yi kaɗan, ko na wanke su fiye da kima.

Kin sha raba wa mutane saiwa. Suna huɗu na samu a littattafaina. Biyu sun rasu an sayar da gidajensu, ɗaya ta koma birni ba ta da lambu, na huɗun ya zuba siminti a wurin. Amma kin fi shekara sittin kina bayarwa, ni goma sha tara kawai na gani. Don Allah, duk wanda yake da shabel mai tsami sosai a bayan ɗaki ko a tsohuwar gona, wanda mahaifiyarsa ta ce daga gidan Woloshin ya zo, ya neme ni. Ko gindi ɗaya ne, ko ciyawa ta rufe shi. Zan zo ko ina ne.

Orisia, 'yarta tilo, gare ki nake juyowa. A bakin kabari kin tambaye ni ko miyar addu'ar arba'in, ranar ashirin da shida ga Yuli, daga fangalin mahaifiyarki za a yi ta, kamar yadda ta yi wa mahaifinki. Na ce miki eh. Ba gaskiya na faɗa miki ba. Ba za a sami ganyen ba, kuma ban san ko za a ƙara samunsa ba. Na kasa faɗa miki ido da ido, shi ya sa na rubuta a inda kowa zai gani. Ki yafe mini idan za ki iya.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ki, da mijinki Mirko, da 'ya'yanku, da dukan jama'ar cocinmu. Allah ya ba ku haƙurin rashi. Ubangiji ya jiƙan baiwarsa Paraska, ya gafarta mata, ya kwantar da ita inda babu ciwo babu baƙin ciki, ya sa a daɗe ana ambaton sunanta. Ya kuma dubi saiwoyin nan biyar da rahama, ba don halina ba, don halinta. Amin.

Ostap Hrihorash