Ruwan da Kawu Ya Ƙi Zubarwa

Kawuna, yayan mahaifiyata, da turin kurar ruwa ya fara neman abinci. Shekarun da ya yi yana hawa tudu da jarkoki sun bar masa kanta a tafin hannu, da wata ɗabi'a da har yau ba ta sake shi ba: ba ya iya ganin ruwa yana bin ƙasa. Ruwan ɗauraya a wurinsa na jiƙon wasu kaya ne, na jiƙon kuma a yayyafa wa tsakar gida. Shi ya sa duk layin ake ce masa Kar-a-zubar, kuma yana amsawa hankali kwance.

Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya buɗe shagon wanki, ni kuma na kama masa guga. Matsalarmu ɗaya ce, ruwan rijiyarmu mai zartsi ne. Sabulu ba ya kumfa, farin zanen gado ya koma ruwan toka, tawul ya bushe kamar busasshiyar fata. Wata rana mai masaukin baƙi, wadda kayanta ne fiye da rabin aikinmu, ta zo da kanta.

"Baba, ina jin nauyinka," in ji ta, "amma baƙi sun dame ni da ƙorafi. In na ƙarshen wata suka zo haka, zan nemi wani wuri."

Ranar Kawu bai taɓa abincinsa ba.

Wani mai famfo ne ya kawo mana injin tausasa ruwa: doguwar tukunya mai ɗan allo da maɓallai a ka, da durom na gishiri a gefenta. Ya ce cikin tukunyar akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu kama zartsin, in sun ƙoshi sai injin ya tsaya ya wanke su da ruwan gishiri.

Kawu ya gyara hula. "Tsaya, ɗan nan. Injin da muka sayo ya gyara ruwa, shi ma sai an wanke shi?"

"Shi yake wanke kansa, Baba."

"Da gishiri? Don ruwan ya daina zartsi?"

"Haka ne."

Kawu ya dube ni, ni ma na dube shi. Gaskiya ban fi shi ganewa ba, na dai fi shi iya gyaɗa kai.

Mai famfo ya saita agogon injin, ya ɗiga wani magani a ruwanmu ya sa lambar ƙarfin zartsin, ya sa kwanakin da za su riƙa shiga tsakanin wanki da wanki. Sai ya tambayi lokacin da ba ma taɓa ruwa, na ce lokacin abincin rana. Ya sa nan, ya danne maɓalli ɗaya don gwaji. Injin ya yi gurnani, wani siririn tiyo da aka fitar ta bangon baya ya shiga kwarara ruwa cikin kwata, daidai gaban bencin da Kawu yake cin abinci kullum. Na ga Kawu ya bi ruwan da ido, leɓensa yana motsi.

Makon farko muka sha mamaki. Kumfa har gwiwar hannu, zannuwa fes. Daga nan abu ya fara juyawa. Kumfar ta ragu, wani fari-fari ya fara fitowa a bakin zannuwa in sun bushe, dutsen guga yana kama su.

Na kira mai famfo a waya, ya ce in rage kwanakin, injin ya riƙa wanke kansa da wuri. Na rage, abin ya ƙaru. Ya ce in ɗaga lambar zartsin. Na ɗaga, gishiri ya riƙa ƙarewa kamar ana sata, ruwan kuma ya ƙara lalacewa. Aka ɗauke wuta agogon ya rikice, muka ɗora wa agogo laifi, na gyara shi, babu canji. Na danna maɓallan nan har na fara ganinsu in na rufe ido. Kawu yana tsaye a bayana yana ba da shawara: ko gishirin ne jabu, ko injin bai saba da rijiyarmu ba, ko in danna da ɗan ƙarfi. Tsoro ya kama ni sosai, don ƙarshen wata ya matso, ga zannuwan masauki jibge a kwando.

Da mai famfo ya gaji da waya sai ya zo. Ya buɗe kan injin, ya bi saitin ɗaya bayan ɗaya, ya sosa ƙeya ya ce shi dai bai ga abin da ya lalace ba. Can ya zagaya baya, ya ɗebi ruwan babban tankin da injin yake sha daga ciki, ya kurɓa, ya tofar.

"Wa ya zuba gishiri a tanki?"

Babu wanda ya zuba. Sai mai famfo ya bi siririn tiyon da ido. Ba ya cikin kwata. An ɗaura masa wani guntun tiyo da roba, an bi da shi ta bayan jarkoki, an cusa bakinsa ƙarƙashin murfin tankin.

"Ni na mayar," in ji Kawu, ko a jikinsa. "Ruwa ne garau, na gani da idona. Don me za a ba kwata?"

"Baba, ai duk zartsin da injin ya cire da gishirin da ya wanke kansa, su ne a ciki. Yana fitarwa kana mayar masa. Mu kuma muna ƙara masa wanki."

"Amma garau yake."

"Kawu, me ya sa ba ka faɗa ba?" na ce, kamar in yi kuka.

"Kun ce maɓalli ne. Ni ban taɓa maɓalli ba."

Mai famfo ya mayar da saitin yadda ya sa shi tun farko, sannan ya faɗi abin da nake gudu: sai an zubar da ruwan tankin kaf, in ana son zannuwan su yi fari. Kawu ya tambaya ko za a ba bishiya, aka ce zai kashe ta. Ko a bar rabi? A'a. Ya daɗe yana kallon kwandon zannuwan. Na miƙa hannu zan buɗe famfon ƙasan tankin, ya riƙe ni.

"Bari. Ni na tara shi."

Shi ya murɗa da hannunsa, ya tsaya a wurin har tankin ya tsiyaye, ruwa yana bi ta kan silifas ɗinsa.

Zannuwan sun fita, mai masauki ta karɓa har da sa albarka. Kawu dai har gobe bai yarda ya gane ba, yana cewa ruwan da ido bai ga dattinsa ba, bai san laifinsa ba. Bai sake taɓa tiyon ba. Amma tun daga lokacin, duk ranar da allon ya nuna injin zai yi wanka, da rana ta take sai ya sa hularsa ya nufi gida cin abinci, abin da bai taɓa yi ba tunda ya buɗe shagon. Matarsa ta kira ni tana tambaya ko ba shi da lafiya ne. Na ce lafiyarsa lau, ta dai riƙa jan sa da hira har injin ya gama.