Duniya Mai Wata Biyu

"Karanta mini shi da Hausa, in ji abin da ke ciki."

Baba ke nan, da hantsi a zaurenmu na Dakoro, riƙe da littafin gajerun labarai da mushenmu, wato malaminmu na lakwal, makarantar boko, ya ara mini don hutun Sallah. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ya riga ya rantse in shirme ne, na bar boko ke nan.

Na fassara masa labarin wasu matafiya da jirginsu ya sauka a wata duniya mai wata biyu.

Ya saurara har ƙarshe. Can ya ce, "Ikon Allah! To Hadiza, wanne suke dubawa su ɗauki azumi?"

"Littafin bai faɗa ba, Baba."

"Koma lakwal ki nemo mini."

Jiya jikata ta nuna mini hoto a waya. Ashe da gaske akwai duniya mai wata biyu! Nan take na tuna da Baba.

Allah ya jiƙanka, Baba, har yau ina neman amsarka. Jama'a, in ku ne, wanne za ku duba?