Juyi Ɗaya da Ya Rage wa Faifai na 806

Ustaza Insaf ta shekara talatin da ɗaya a sashen kiɗa da waƙa na wani babban ɗakin karatu a Alƙahira, sha biyun ƙarshe tana shugabanci. Faifai dubu goma sha huɗu ne a hannunta, da ma'aikata tara, da fanka biyu masu rai. Ita ta kafa dokar cewa faifan garmaho in ya tsage, allura ba ta ƙara taɓa shi sai ranar kwafe shi, don kowane juyi cin jikinsa yake yi. Sau uku darakta na roƙon a kunna wa baƙinsa irin wannan faifan, sau uku tana cewa a'a.

Ran wata Talata Ammu Shahata, tsohon direban bas, ya hau matakala arba'in da biyu ya nemi faifai na 806. Katin bayanin faifan ya ce ba a san mawaƙiyar ba.

"Mahaifiyata ce. Ɓoye sunanta ta yi, kada 'yan'uwanta su ji," in ji shi.

"Baba, ya tsage. Juyi ɗaya ya rage masa, na kwafi ne, kuma sai bayan wata bakwai layi zai zo kansa."

"Me kika ce, 'yata?"

Ta maimaita da ƙarfi.

"Wata bakwai? Kunnen hagu ya riga ni ritaya, na dama kuma likita ya ce ya fara haɗa kayansa."

Insaf ta koma tebur ta duba layi. Faifai ɗari biyu da sha tara ne a gabansa. Dokar ta ce sai ranar kwafi, amma ba ta ce wa zai zauna a ɗakin ba. Ta ɗauko na 806 ta sa shi a farko, ta rubuta dalili, ta sa hannu.

Ran Alhamis, ranar kwafin, ta zaunar da tsohon, kunnen dama daf da lasifika.

"Kada ka yi tari, Baba."

"Ke dai ki riƙe hawayenki."

Minti uku da daƙiƙa goma waƙar ta yi. Shayin da ta ba shi ya huce bai taɓa ba. Da allura ta kai ƙarshe, Insaf ta zaro katin, ta cire marfin alƙalami.

"Sunanta?"

"Nabawiyya," ya ce, ya leƙo yana duba hannunta. "Rubuta da manyan baƙaƙe."