Ranar da Na Sa Mai Feshin Wuta Ya Juya

Shekarata huɗu da buɗe shagon hoto a unguwar Kwararafa lokacin da bakina ya ƙona fuskar wani bawan Allah. Ban taɓa shi ba, ban ƙyasta ashana ba. Magana kawai na yi a gaban jama'a, aka kuwa yi dariya.

A wancan zamanin da fim muke aiki. Ɗauka talatin da shida ke cikin kowane fim, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanko. Ni kuwa ina ji da kaina ba kaɗan ba. In wani mai hoto ya kafe aikinsa a ƙofar shago, sai na tsaya na nemo masa aibu, ko da inuwa ce a gefen hancin amarya. Abu ɗaya ne ya gagare ni, hoton masu feshin wuta da baki. Sau biyu ina cin karo da su a wajen biki, sau biyu ana wanko mini abin kunya. Da rana suke wasa, sama fari fat a bayansu, sai wutar da ta sa mata ihu ta fito a takarda kamar ɗan hayaƙin murhu. Na rantse a raina cewa a karo na uku sai na samu duhu a bayan wutar nan, ko bango ko inuwar itace.

Karo na ukun ya zo a Anguwan Rukuba. Wani malamin makaranta ne ya ɗauke ni aikin bikin 'yarsa, aka yi taron a wani fili bayan gidansa. Wajen ƙarfe huɗu da rabi masu wasan suka shigo, su uku: mai ganga, da mai wutar, da matarsa. Mutumin gajere ne kakkaura, zai girme ni da shekara ashirin, ba riga a jikinsa, ya aske gemu da gashin baki tas. Layu sun cika masa wuya da damtse. Kafin ya fara sai ya shafa layun ɗaya bayan ɗaya, ya yi 'yan surutai, sannan ya guntsi abin da ke cikin kwalba, ya ɗaga sanda mai tsumma tana ci, ya furzar. Wuta ta tashi ta fi tsayin mutum biyu, har zafinta ya taɓa mini kunci.

Kowa a wurin cewa yake ya sha magani, wuta ba ta cin sa. Ni ma haka na ɗauka, ban ko yi tantama ba. A Anguwan Rogo na tashi, na ga 'yan tauri suna goga wuƙa a ciki tana lanƙwashewa. Wanda ƙarfe bai ci ba na gani da idona, me zai hana a samu wanda wuta ba ta ci?

Matar tana gefe, bokitin ruwa a gabanta, jiƙaƙƙen tawul a kafaɗa. Ta cire ɗankwalinta ta riƙe shi ta baki ɗaya yana reto a hannunta. Na ma yi mata dariya a zuci, na ce wannan ko rawar ta kasa.

Damuwata ita ce inda yake fuskanta. Kullum wajen buɗaɗɗen fili yake fesawa, inda babu komai sai farin sama. A bayansa kuwa ga jerin itatuwan mangwaro, ganye ya yi duhu sosai, daidai abin da nake nema. Da ya tsaya goge baki, na matsa na ce, “Oga, don Allah sau ɗaya ka juya wajen mangwaron nan.”

Ya ce, “Nan ya fi, oga,” bai ko dube ni ba.

Na koma wajen matar. Ta ce, “Ba ya juyawa,” ta ci gaba da kallon ɗankwalinta.

Raina ya ɓaci. Rana tana sauka, fim ɗina ya kusa ƙarewa, ga ni da kyamara a wuya an mayar da ni kamar wani ɗan kallo. Sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, “Wai wane irin magani ne wannan mai ido ɗaya? Ko layun naka gabas kaɗai suka sani?”

Wuri ya ɗauki dariya. Samari suka kama, “Juya! Juya!” Mai ganga ma ya shiga buga musu. Na ji daɗi a lokacin, ba zan ɓoye ba, har na ɗaga wa samarin hannu. Mutumin ya dubi matarsa. Ta girgiza kai da ƙarfi, ta ɗaga ɗankwalin sama tana nuna masa. Ya dubi jama'a, ya daɗe yana dubansu. Sannan ya guntsi kwalbar ya juya wajen mangwaron.

Wutar ta fita kamar tsawon hannu biyu, ta yi kyau a kan duhun ganyen nan fiye da yadda na taɓa zato. Sai ta tsaya cak, ta naɗo ta dawo masa, kamar zanen da iska ta kaɗo daga igiyar shanya. Fuskarsa ta ɓace a cikinta. Bai yi ihu ba, wani irin gurnani ya yi, ya saki sandar. Ganga ta mutu. Wasu na kiran Yesu, wasu na salati, yara suna faɗawa kan kujeru. Kafin wani namiji ya motsa, matar ta riga ta kai gare shi, ta kayar da shi ƙasa ta lulluɓe masa kai da tawul ta danne. Har yau in ana babbaka a mahauta ba na iya tsayawa, saboda warin da na ji a filin nan.

Aka sa shi a motar abokin ango aka nufi asibiti. Samarin da suka taya ni ihu sun watse, sai ni kaɗai a tsakiyar fili da kyamara a hannu.

Na ɗauka tashin hankalin ya ƙare ke nan, ashe da saura. Bayan kwana uku na kai fim wanki, don dole in ba malamin hotunan 'yarsa. Na tsaya a ƙofar wurin ina duba su ɗaya bayan ɗaya. Ga hoton da nake nema shekara biyu, wuta ja jawur a kan baƙin ganye, ba abin da za a ce a gyara. Na ɗaga shi, sai ga wani a ƙarƙashinsa: wuta a fuskar mutum. Na ɗaga, ga shi a durƙushe. Na ɗaga, ga matar a kansa da tawul. Kyamarata ba mai ɗauka da kanta ba ce. Kowane hoto sai ka ja fim da babban yatsa, ka saita, ka danna. Wato sau uku na ja, na saita, na danna, mutum yana ci da wuta a gabana, kuma dukansu sun fito tsaf, ko girgiza babu. Wallahi ban tuna na yi ba. Na zauna a kan dakalin wurin ina kallon yatsana, na kasa tashi har mai shagon ya leƙo ya tambaye ni ko lafiya.

Sai da na yi wata biyu kafin na iya neman gidansu. Matar ce ta buɗe ƙofa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Oga mai hoto, ka zo ɗaukar sauran ne?”

Daga ciki na ji muryarsa, “Bar shi ya shigo.”

Yana zaune a tsakar gida a kan benci. Allah ya tsare idanunsa. Amma daga hanci zuwa haɓa fatar ta yi fari-fari tana sheƙi, kuma tabo ya ja gefen bakinsa na hagu ya ɗaure. Na durƙusa na ce, “Baba, ka yafe mini. Na ɗauka wuta ba ta cin ka.”

Ya miƙa hannu ya ciro laya guda daga ƙusa a bango, ya ba ni da reza ya ce in farke. Na farke. Kwalin ashana ne a ninke a ciki, ko rubutu babu.

Ya ce, “Ka ga maganin.”

Sannan ya zayyana mini aikin, a hankali, don magana tana ja masa baki. Kananzir ne zalla, kuma kafin ya kai baki sai ya zuba kaɗan a murfi ya jefa ashana. In ya kama nan take, an gauraya shi da fetur, zubarwa ake yi. Ba a haɗiyewa, ba a jan numfashi da shi a baki. Sandar tana nesa, tsawon hannu, kuma sama ake fesawa. Bayan kowane feshi a goge leɓe da haɓa, shi ya sa ba ya barin gashi a fuska. Babbar doka kuwa, iska ta kasance a bayanka.

Matar ta ce, “Ɗankwali ɗin nan da ka gani, shi ne ke gaya mana inda iska yake. Shekara goma sha wani abu ina riƙe shi. Ranan nan iska daga mangwaro yake zuwa.”

Na ce, “To Baba, tunda ka sani, don me ka juya?”

Ya ce, “In ce musu me? In ce ina tsoron iska? Mutane ba dabara suke zuwa kallo ba, magani suke zuwa kallo. Da na faɗa a filin nan, gobe wa zai kira ni biki? Na ce bari in gwada, ko iskar za ta ɗan kwanta.”

Na tambaye shi yaushe zai koma wasa, don in ji wani abu mai sanyi in tafi da shi. Maimakon amsa sai ya ce wa matar ta kawo ruwa a kofi. Ya ce da ruwa ake koyon aikin, kuma duk sirrin a leɓe yake: a matse shi, ruwan ya fita lufuf kamar hazo. In ya fita da kauri, wuta biyo shi take har cikin baki. Tun da ciwon ya warke, kowace safiya yana gwadawa.

Ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu kamar yana riƙe da sanda, ya guntsi ruwan, ya furzar da iya ƙarfinsa. Ta dama ɗan feshi ya fita. Ta hagu, inda tabon yake, ruwan ya tsiyayo ya bi haɓa ya sauka a ƙirjinsa. Ya sake, haka. Ya sake na uku. Matar ta karɓi kofin, ta goge masa ƙirji da bakin zanenta, ba ta dubi kowa ba.

Ya koma ya zauna yana haki. Can ya ce, “Hoton fa? Ya fito?”

Na so in yi ƙarya, na kasa. Na ce, “Ya fito, Baba. Ya yi kyau.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce, “To ka kawo mini. Yarana ƙanana ne, su san ubansu ya taɓa iyawa.”